Ranar da Baba Ya Saki Igiya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Aji huɗu kawai na yi a firamare, kuma ni ba mai magana ba ce. Ko a gidan biki, can ƙuryar ɗaki za a same ni ina tsince shinkafa. Littafin nan da nake rubutu a ciki ya yi wata bakwai ƙarƙashin katifata ban buɗe shi ba. Abin da ya sa na buɗe shi yau, Juma'ar da ta wuce na ji wasu mata biyu a kasuwar Jega suna ba da labarin, ba su san ni ce a gefensu ba. Ɗaya ta ce tsohon ɗan tauri ne, gwajin maganinsa ya je yi a gaban sojoji. Ɗayar ta ce yarinyar kuma aljanu ne suka hau ta. Duk ba haka ba ne. Tsohon mahaifina ne, yarinyar kuma ni ce, Zinatu.

Sunan mahaifina Maccido, amma a garinmu Dangamaji Kofur ake ce masa. Ya shiga soja tun lokacin yaƙin basasa, aikinsa busa bigila, wato ƙahon nan na tagulla da sojoji ke busawa. Da ya bar aiki ya dawo gida ya kama noman albasa da shinkafa. Ya taho da wata tsohuwar bigila wadda ta lotse a gefe aka bar masa. 'Ya'yansa maza biyu sun rasu tun suna ƙanana, saura ni kaɗai. Don haka ni ce ta gona, ni ce mai ba shanu ruwa, ni ce mai korar tsuntsu. Idan jan-baki suka sauka a fadama, 'ya'yan mutane gwangwani suke kaɗawa, ni bigila nake busa musu. A can ya koya mini, inda babu kowa sai mu da tsuntsaye. Busar tashi, busar abinci, busar sauke tuta. Ta sauke tutar ita ce mai wuya, gaɓa uku gare ta, kuma bayanta akwai wata 'yar gajeriya da yake kira busar sallama.

"Wagga 'yar ƙaramar ita ce mabuɗi," in ji shi. "Da an fara busa, soja shina ƙamewa. Ƙafa haɗe, hannu manne da cinya, baki rufe. Ba shi magana, ba shi waiwaye, ba shi korar ƙuda. Sai an busa sallama sannan shi koma mutum."

"To in anka daɗe ba a busa ba, Baba?"

"Sai shi daɗe."

Ya nuna mini babban yatsansa na ƙafa. Wai kunama ce ta kwana a takalminsa ranar wani fareti, ta harbe shi har sau biyu, bai motsa ba sai da aka sallame su. Na yi dariya. Na ɗauka cika bakin tsofaffin soja ne.

Shekara biyu da raba jiharmu da ta Sakkwato, 'yan fashi suka addabi hanyar Jega zuwa Maiyama. Aka turo sojoji kamar goma sha biyar, suka kafa shinge a bakin garin Jega, daf da filin da motoci ke loda albasa. Suka tare a wani tsohon sito. A gabansa suka kafa tuta: dogon bututun ƙarfe a cikin rabin duro cike da duwatsu. Ƙarfe shida na safe a ɗaga ta, ƙarfe shida na yamma a sauke ta, kowane lokaci da busa. Kuma ba su kaɗai za su tsaya ba. Duk wanda busar ta kai kunnensa sai ya tsaya inda yake, mai tafiya, mai ciniki, mai ɗauke da buhu a ka.

Ba wanda ya yi wa mutane shela. A jikinsu suka koya. Da idona na ga wata Bafulatana mai nono ta ci gaba da tafiyarta ana busa. Da aka gama suka fasa mata ƙwarya, suka sa ta tsallen kwaɗo a cikin nonon har zaninta ya kwance. Wani mutumin Karaye a kan keke, dorina suka naɗa masa a wuya suka fizgo shi, ya faɗo da fuska a kan kwalta. Alu, direban a-kori-kura, maƙwabcinmu, shi laifinsa bai kashe mota ba. Suka kwantar da shi a gaban motar, suka yi masa bulala ashirin da huɗu, suka ce ya riƙa ƙirgawa da bakinsa. Wanda ke ba da umarnin duk wannan Saje Bala ne, gajere mai kaurin wuya, kullum da dorina rataye a bel ɗinsa. Akwai wani hafsa da ya fi shi girma, amma ba a cika ganinsa a waje ba.

Baba ba ya son dukan. Yakan ce a zamaninsu ba a koya musu haka ba. Amma busar, ita kam yana sonta. Kowace Alhamis muna kai albasa filin loda a amalanke saboda kasuwar Juma'a, kuma na lura yana jan ƙafa a hanya don ƙarfe shida ta same mu a bakin shinge. Da an fara sai ya saki igiyar shanu ta faɗi ƙasa, ya haɗe ƙafa, ya miƙe kamar an zare masa shekara ashirin. Sojojin na yi masa dariya, wai ga ɗan ƙauye na kwaikwayo. Bai taɓa gaya musu ko shi wane ne ba. Na tambaye shi dalili, ya ce shi ba roƙon sanayya ya je yi ba.

Sakin igiyar bai taɓa zama matsala ba, domin bajimanmu biyu sun girma cikin ƙarar bigila. Amma a ranin nan ɗaya ya kumbura aka yanka shi, Baba ya je kasuwar Maiyama ya sayo wani, ja, matashi, mai zafin kai. Muka sa masa suna Ɗan-Maiyama. Tsohon da ya rage shi ne Haƙuri.

Ran Litinin Baba ya miƙo mini bigila. "Ki riƙa busa ma wanga kusa da kunne, safe da marece, har shi saba. In ba haka ba za shi ba mu kunya gaban mutane."

Na karɓa. Amma satin nan gidanmu cike yake da maza, 'yan aikin da ke zuba albasa a buhu, suna nan tun safe har magariba, daf da turken shanu. Sau uku ina fitowa da bigilar a ƙarƙashin gyale, sau uku ina komawa da ita. Na kasa. Mace ta tsaya gaban maza goma ta kumbura kumatu? Ran Alhamis muna ɗaura karkiya Baba ya ce, "Ya saba?" Na gyaɗa kai. Ban yi ƙarya da baki ba, amma ƙarya ce.

Mun iso shingen saura kaɗan shida. Filin cike yake da mutane da motoci. Baba na gaba riƙe da igiyar hancin shanu, ni ina gefe. Sojoji suka fito suka yi layi biyu, Saje Bala a gabansu. Mutum biyu suka kama igiyar tuta. Mai busar ya tsaya daf da duron, ya ɗaga bigila. Tsakaninmu da shi bai fi taku goma sha biyar ba.

Ya busa. Filin ya yi tsit. Baba ya saki igiya.

Na ga kunnuwan Ɗan-Maiyama sun miƙe. Na ga fatar wuyansa na rawa. Igiyar na nan a ƙasa, taku biyu daga ƙafata. Da na sunkuya da na ɗauka. Amma na tuna Bafulatanar nan, na tsaya. Gaɓar farko ta wuce lafiya. Da aka shiga ta biyu, inda muryar ke hawa sama, sai bajimin ya yi wani gurnani ya zabura.

Ya ja Haƙuri, ya ja amalanke da buhu goma sha biyu a kai, ya nufi layin sojojin. Suka watse. Tayar amalanke ta daki duron ya kife, duwatsu suka zube, bututun ya tafi luu ya faɗo. Ya sami mai busar a fuska. Busar ta yanke a tsakiya. Bigilar ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin amalanke. Tutar kuwa ta sauka a ƙasa, cikin albasar da ta watse, Ɗan-Maiyama ya taka ta da kofato yana juyi, igiyarta ta naɗe masa ƙafa.

Saje Bala ya fizgi bindiga daga hannun wani. Harbi uku. Ban taɓa jin ƙarar bindiga kusa haka ba, kunnena ya ɗauke. Bajimin ya durƙusa, ya kife, jini na tsartuwa daga wuyansa. Da yake karkiya ɗaya ta haɗa su, ya ja Haƙuri ƙasa, tsohon ya gurfana yana kuka, wuyansa a murɗe.

Alu ya zaro wuƙa daga motarsa ya taho da gudu. "Saje, don Allah bari in yanka shi kar shi zama mushe!"

Wani soja ya tare shi da gindin bindiga a ciki. Alu ya naɗe ya faɗi. Bajimin ya yi ta shure-shure har ya daina.

Mutane da yawa sun gudu bayan motoci. Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Baba na nan inda ya saki igiya, ƙafa haɗe, hannu manne da cinya, idonsa a wurin da tutar take ɗazu.

Saje ya zo gabansa. "Kai tsoho! Shanun uban wane ne waɗannan?"

Shiru.

"Ba da kai nake ba? Kurma ne kai?"

Shiru.

Ya mare shi. Hular Baba ta faɗi. Kansa ya juya ya dawo daidai.

"Durƙusa!"

Bai durƙusa ba.

"A'a! Jama'a ku zo ku ga janar! Ka tumurmusa tutar ƙasa a kashin shanu, sannan ka tsaya kana yi mini fareti? Yau za ka san wanda ya fi wani taurin kai."

Ya zaro dorina. Ta farko ta raba rigar Baba daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ban ƙirga ba, amma sun wuce ashirin. Rigar fara ce, ta koma ja a baya. Duk wanda na taɓa gani an daka a wurin nan, yakan kare kansa da hannu, ya yi ihu, ya kira sunan Allah da na uwarsa, kuma sau da yawa daga nan sai su gaji su ƙyale shi. Baba bai ɗaga hannu ba. Ko uhm bai ce ba. Abin da ya ƙara haukata Saje ke nan. Ya yar da dorinar ya ce, "Ku sauke mini shi!"

Su uku suka taho. Ɗaya ya harbe shi da takalmi a bayan gwiwa, ya faɗi. Suka shiga takawa. Na ji wani abu ya ce ƙas, kamar an karya karan dawa. Da suka ja baya suna haki, sai Baba ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya tashi a hankali, ya haɗe ƙafa. Hannunsa na hagu na lilo, amma ya manna shi da cinya.

"Saje!" Alu ne daga ƙasa, yana riƙe da ciki. "Tsohon soja ne wallahi! Kofur muke ce mai!"

"Soja? Wannan? In soja ne ya buɗe baki ya faɗa mana!"

Baba bai buɗe baki ba. Saje ya juya bindiga ya dake shi da gindinta a baki. Haƙora suka zubo a gaban rigarsa. Ya faɗi ta baya. Na ce shi ke nan, yanzu zai kwanta. Sai na ga yana juyawa, yana neman gwiwarsa.

Alu ya jawo jiki ya kama bakin zanina. "Zinatu, ke ɗiyatai ce, ke za shi ji. Tahi ki ce shi kwanta. Kashe shi za su yi, wallahi kashe shi za su yi!"

Ban san yadda ƙafata ta kai ni ba. Na tsaya gefensa na ce, "Baba." Ni kaina da ƙyar na ji muryata. "Baba, ka kwanta. Don girman Allah ka kwanta."

Bai dube ni ba. Wani soja ya zuba mini bel a baya, ƙarfen ya same ni a kafaɗa, na faɗi kusa da tayar amalanke. Daga nan ƙasa na ga fuskarsa sosai. Ido ɗaya ya rufe, jini na zuba daga haɓarsa. Ɗayan idon na kallon wuri ɗaya, ba ya ƙiftawa. Ba taurin kai na gani a ciki ba. Jira yake yi.

Sai labarin kunamar nan ta ranar fareti ya faɗo mini a rai. Busar ta yanke a gaɓa ta biyu, ba a ƙarasa ba, ba a busa sallama ba. A wurin kowa an gama tun tuni. A wurin Baba ana cikin sauke tuta. Ba zai yi magana ba, ba zai kare kansa ba, kuma duk sanda suka kayar da shi zai tashi, har sai ya kasa tashi. Mai busar kuwa yana zaune a ƙasa riƙe da baki, leɓensa ya rabe biyu.

Saje ya ɗana bindigar, na ji ƙarar ƙarfen. "Tsoho, zan ƙirga uku. In ba ka durƙusa ba, ƙafar da kake tsaye a kai zan cire."

Bigilar na ƙarƙashin amalanke, kusa da hannuna. Na jawo ta. Akwai jini da ƙasa a bakinta, na goge da gyalena. Na miƙe tsaye. Mutane sun fi ɗari a filin nan, kusan duk maza, suna leƙe daga bayan motoci.

"Ɗaya!"

Na sa ta a baki na hura. Wata irin ƙara ta fito kamar kukan akuya. Bakina ya bushe. Wani soja ya waiwayo ya ce, "Kai, me wannan ke yi?"

"Biyu!"

Na rufe ido. Na ce a raina fadama ce, jan-baki ne suka sauka, babu kowa. Na tattara miyau, na matse leɓe yadda ya koya mini, na fara daga farko, domin ya taɓa gaya mini busar da ta yanke ba a ɗora ta daga tsakiya.

Ta fito. Ta fito da ƙarfi har ni kaina na tsorata.

Ban ji uku ba. Abin da na ji shi ne takalma suna haɗuwa, ƙaf, ƙaf, nan da can. Da na shiga gaɓa ta biyu na buɗe ido kaɗan. Sojan da ya doke ni yana tsaye ƙiƙam, bel ɗin na lilo a hannunsa. Wani ya zaro tutar daga ƙarƙashin mushen bajimin, ya riƙe ta sama da hannu biyu don kada ta sake taɓa ƙasa. Saje Bala shi ne na ƙarshe. Bindigar na hannunsa, bakinsa a buɗe, ya dube ni, ya dubi mutanensa duk sun ƙame. Sai ya sauke ta gefen ƙafarsa, ya juya wajen tutar. Ban ce ya so ba. Jikinsa ne ya yi.

Hafsan ya fito daga cikin siton, hannun riga a naɗe, ƙafafunsa jiƙe cikin silifa, da alama alwala yake. Babu hula a kansa, don haka bai sara ba, ya dai tsaya a bakin ƙofa ya ƙame.

Gaɓa ta uku doguwa ce. Numfashina ya kusa ƙarewa, na ga duhu-duhu, amma na kai ta. Na ja iska. Na busa 'yar gajeriyar.

Kafaɗun Baba suka sauka. Ya juya kansa wajen hafsan, ya yi magana da bakin da ba haƙora, jini na fita tare da kalmomin. Ya faɗi lambarsa ta soja, ya faɗi bataliyarsa. Ya ce, "Kofur Maccido Hayatu, mai bigila. Shanuna ne, ranka shi daɗe. Ni na saki igiya." Sannan ya zube, kuma wannan karon bai tashi ba.

Ban ga tahowar Saje ba. Marin ya same ni a kunnen hagu, na faɗi a kan albasa, bigilar ta fice daga hannuna. Har yau kunnen nan ba ya ji sosai. "Shegiya! Uban wa ya ba ki izinin taɓa kayan soja?" Ya ɗaga ƙafa.

"Saje!"

Hafsan ne. Ya tako a hankali, silifansa na ƙara. Ya dubi mushen bajimin, ya dubi tutar, ya dubi Baba a kwance. Ya miƙa hannu, Saje ya ba shi bindigar. Ya tambayi Alu abin da ya faru, Alu ya faɗa yana nishi. Sai ya juyo gare ni.

"Wa ya koya miki?"

Na nuna Baba da hannu.

Ya daɗe yana kallonsa. Bai ba da haƙuri ba, bai kuma yi wa Saje komai a gabanmu ba. Abin da ya ce kawai, "Ku ɗauke shi. Ku sa musu hannu." Sojojin da suka tattake shi, su suka ɗaga shi suka sa a bayan motar Alu.

Alu ya ce Aliero za mu, wurin masu ɗori. Yana tuƙi yana tofar da jini ta taga. Ni ina baya, kan Baba a cinyata, ina sa yatsa a ƙofar hancinsa in ji ko da sauran numfashi. Kowane rami muka faɗa sai ya yi nishi, nishin nan shi ke kwantar mini da hankali. Ana kiran magariba muka isa gidan Malam Waliyyu mai ɗori. Ya shafa shi tun daga wuya har ƙafa. Hannu ya karye wuri biyu, haƙarƙari uku, da ƙashin kafaɗa. Maza huɗu suka danne shi, Malam ya ja hannun. A nan ne Baba ya yi ihu, ihun da bai yi a gaban Saje ba, har awakin gidan suka watse.

Da aka gama ɗaure shi da karare, Malam Waliyyu ya fito yana wanke hannu. Na je na tsaya a gabansa.

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Ƙashin tsoho ne, za shi ɗau lokaci, amma in Allah ya yarda shina tashi. Idon ne ba aikina ba, sai asibiti. Da an ƙara mai ko kaɗan, da ba nan kunka kawo shi ba."

Na shiga na zauna a bakin tabarma. Fuskarsa ta kumbura har ba a gane shi. Na ɗauka barci yake, shi ya sa na iya faɗa.

"Baba, ban busa ma Ɗan-Maiyama ba. Ko sau ɗaya. Kunyar mutane na ji."

Idon da ya rage ya buɗe.

"Na sani. Gida ɗaya muke, da kin busa da na ji." Ya huta. "Na sani kuma na saki igiya. Hannun ne ya saba."

Na fara kuka. Ya motsa yatsun hannunsa mai lafiya, alamar in matso.

"Gaɓa ta biyu," ya ce. "Kin yi gaggawa. Kamar ana korar ki."

"Ai ana korata, Baba."

Ya so ya yi dariya, haƙarƙarin ya hana shi. Ya taɓa leɓensa da ya fashe, ya taɓa inda haƙoran suke da. Mu duka mun san ba zai sake busawa ba. Can ya ce, "Ina Haƙuri?" Na ce Alu ya sa an kwance shi an ɗaure a dogonyaron da ke tsallaken shingen. Ya ce, "Bai sha ruwa ba tun azahar. Gobe ki tahi ki kai shi gida."

Washegari bayan sallar asuba Alu ya mayar da ni Jega. Ya ce in bari shi ya je ya kwanto bajimin, na ce Haƙuri ba ya bin baƙo. Gari ya fara haske da muka isa. An ja mushen an kai bayan sito, an zuba yashi a kan jinin, an tayar da duron an sake cika shi da duwatsu. Amalankenmu na gefe, taya ɗaya a karkace. Hular Baba na nan a ƙasa inda ta faɗi, na ɗauka na kaɗe na sa a gyalena.

Haƙuri ya gan ni ya yi kuka. Wuyansa ya kumbura inda karkiya ta murɗe shi. Ina cikin kwance igiyar sai sojojin suka fito suka yi layi. An wanke tutar, ba ta gama bushewa ba. Saje Bala na gabansu, babu dorina a bel ɗinsa. Mai busar bakinsa naɗe da bandeji, don haka usur suka hura.

Filin ya tsaya. Mai shayi ya tsaya da buta a hannu, Alu ya kashe mota. Ni ma na haɗe ƙafata na tsaya, amma kafin nan sai da na naɗa igiyar sau biyu a hannuna na damƙe. Saje na kallona daga tsallaken titi, ban sunkuyar da kai ba. Tutar ta hau har ƙarshe. Da aka sake hura usur, na ja Haƙuri zuwa rijiyar bakin tasha na ba shi ruwa guga uku, sannan muka kama hanyar Dangamaji.